Jummai ta Bayan Katangar Silima

Ran 14 ga watan Nuwamba na shekarar 2022 wata yarinya 'yar Damagaram mai suna Zuhaira ta sauka a tashar Tanut da akwatuna biyu na kayan ɗaukar hoto. Jikar Zakiyyu ce. Matasan yanzu ba su san sunan ba, amma mu da muka yi samartaka a shekarun saba'in mun san shi kamar ɗan gidanmu. Ma'aikacin gidan waya ne, dogo, mai wushirya, wanda ya fito a fim ɗaya tak a rayuwarsa, fim ɗin kuma ya ishe shi suna har ya koma ga Mahaliccinsa. Sunan fim ɗin Igiya Gaba Saba'in. A nan Damargu aka ɗauke shi a 1972, a bakin wata rijiya tsakanin Tanut da Belbeji, da Hausa tun daga farko har ƙarshe. Labarin 'yan'uwa biyu ne, Attahir da Almustafa, da baƙin makiyaya da suka iso rijiyarsu a shekarar fari. Zakiyyu shi ne Attahir.

Zuhaira tana haɗa fim ne na tarihi a kan kakanta da gidajen silima na da. Ta nemi fim ɗin kakan a Yamai da Damagaram ba ta samu ba, sai a nan, cikin ɗakin ajiyar marigayi Alhaji Sabi'u, wanda shi ne mai silimar Tanut. Gwangwanaye huɗu ne masu faɗi, a ƙarƙashin tsofaffin buhunan gishiri. Tun a zuwanta na farko ta ɗauke su ta kai aka wanke, aka juye a ordinata, wato kwamfuta, hoto ya fito tangaran. Murya ce babu. Zirin da ke ɗauke da sauti a gefen fim ɗin zafin shekara talatin da huɗu ya busar da shi, ya kakkaɓe kamar ɓawon gyaɗa. Wanda ya shirya fim ɗin ya rasu, takardunsa sun ɓace, kuma ba a san da wani kwafi a duniya ba. Ga kakanta yana buɗe baki yana rufewa na minti saba'in da takwas, ba ta san abin da yake faɗa ba. Kwana biyar ta ba kanta a Tanut ta samo maganar daga bakin waɗanda suka kalla. In ba ta samu ba, ta ce, za ta yanko minti biyar ta aza musu kiɗa, sauran ya koma gwangwani.

Wurina aka turo ta, don an san ni da ajiye takardu. A makarantar Mishan ta Damagaram na yi karatu, inda aka koya mana sa kwanan wata a kan komai, na kuma yi shekara talatin da ɗaya ina magatakarda a ma'aikatar dabbobi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni kaɗai na ga fim ɗin ba kasa da sau talatin ba. Na tara mata dattawa bakwai a zauren Alhaji Sabi'u, cikinsu har da Audu, wanda shi ne ya riƙe injin majigin tun ranar da aka buɗe silimar har ranar da aka rufe ta.

Kwana biyu muka yi. Abin da muka haɗa a kayena, wato littafin rubutuna, jimla goma sha ɗaya ne, kuma shida daga ciki ba mu yarda da juna a kansu ba. Kowa ya tuna farin raƙumi. Kowa ya tuna inda igiya ta tsinke. Magana kuwa ta gudu. Audu ya ce a yi masa uzuri, shi kusa da inji yake zama, ƙarar inji ce kawai a kunnensa.

Da la'asar ta rana ta biyu muna gardama a kan abin da Attahir ya ce wa ƙanensa lokacin da baƙi suka iso. Ni na ce, "Ruwa na Allah ne." Audu ya ce a'a, "Ruwa ba shi da uba." Sai wata murya ta fito daga waje, ta bakin ƙofar zaure, murya mai kauri irin ta namiji:

"Rijiyar ubanmu ce, Almustafa, amma ƙishirwa ba ta da uba."

Kafin mu juya, wata muryar dabam, siririya mai hanci, ta amsa: "To ka shayar da duniya, ka dawo ka sha yashi."

Na leƙa. Mutum ɗaya ne a wajen, Jummai mai ƙosai, da ƙwaryar wake a kanta, za ta wurin niƙa.

Ya kamata in faɗi ko wace ce. A Gangara aka haife ta, ubanta manomi, uwarta Bafulatana. Ita ba ta san shekarar ba, amma da na bi abubuwan da ta ce an yi a lokacin, na tsayar da 1953. Ta auri Mailafiya, mahaƙin rijiya, mutum marar yawan magana wanda kan yi wata uku ko huɗu a arewa bai dawo ba. Farin 1973 ya kashe musu 'yan awakin da suke da su, suka dawo Tanut da goyo a farkon 1974. A shekarar ta jera duwatsu uku a gindin katangar silima ta kudu, ta aza kasko, ta fara suya.

Silimar ba wani abin a zo a gani ba ce, ko da yake mu a lokacin Aljannar duniya muka ɗauke ta. Katanga huɗu ce ta ƙasa, babu rufi, bango ɗaya an shafe shi da farar ƙasa, bencuna goma sha biyu a gaba, sauran jama'a kowa da tabarmarsa ko takalminsa. Injin wuta, wanda muke kira gurup, yana can bayan ɗakin Audu. Lasifika ɗaya ce, an rataye ta a saman katangar kudu, daidai kan Jummai. Ana farawa rubu'in awa bayan sallame magariba, rani da damina. Finafinan Indiya da na kaboyi a mota suke zuwa daga Damagaram su koma, amma Igiya Gaba Saba'in mallakar Alhaji ne. Duk ranar da mota ba ta zo ba, shi ake sawa. Ranar kasuwa kuwa makiyaya ba sa yarda da wani, don shanun dangi da raƙuman maƙwabta ne a ciki. Daga 1974 zuwa 1988 da aka rufe, in an ɗauki sau uku a wata aka cire watannin azumi, ya haura sau ɗari huɗu da hamsin.

Duk waɗannan lokutan Jummai tana wajen, bayanta ga katanga. Ba ta taɓa shiga ba. Matar aure ba ta shiga silima a Tanut a wancan zamanin, kuma ko da tana shiga, wa zai tsare mai a kan wuta? Da wannan kaskon ta aurar da 'ya'ya uku, ta yi jinyar Mailafiya shekara biyu bayan ƙasa ta rufto masa a ƙafa, ta gina ɗaki biyu. Na sayi ƙosanta sau da yawa fiye da yadda zan iya ƙirgawa, ban taɓa tunanin tana sauraron wani abu ba.

Zuhaira ta fito da gudu ta durƙusa a gabanta.

"Inna, kin san sauran?"

"Sauran me, 'yar nan?"

"Maganar fim ɗin. Duka."

"In dai wannan na Attahir ne, ai ya fi ƙaramin ɗana daɗewa a kunnena."

Audu Babarbare ne, don haka akwai wasa tsakaninsa da ita ta wajen uwarta. Ya ce daga cikin zaure, "'Yar Fulani, wannan ba tallan nono ba ne. Mu da muka gani da ido mun kasa."

"Da ido ake jin magana, bawana? Shi ya sa Barebari ba sa gane kome."

Washegari da hantsi aka toshe tagar zaure da bargo. Zuhaira ta kawo kujera mai hannu ta zaunar da Jummai a gaba, ta maƙala mata mikro na ɗaukar murya a bakin mayafi, ta haska fim ɗin a bango. Labari ya riga ya zaga gari, zaure ya cika har ƙofa.

Hoto ya fito: rijiya, takarkari yana jan igiya, mutum a tsaye a bakin rijiya. Jummai ta ƙura wa bangon ido. Mutumin ya juyo ya fara magana, har ya gama, ba ta ce kome ba. Can ta nuna bango da haɓa.

"Wane ne wannan ramammen?"

"Shi ne Attahir, Inna. Kakana."

"Attahir ƙato ne. Daga tumbi muryarsa ke fitowa."

Aka yi dariya. Zuhaira ta mai da fim ɗin farko. Jummai ta fara, amma a makare. Ta ba Almustafa maganar Attahir. Wata mata ta ratsa ta cikin hoton da tulu, sai ta tsaya tana tambaya ko ita ce Hadijatu, matar Attahir, kuma me ya sa ba a gaya mata tana da ciki ba. Kafin ta dawo kan magana, hoton ya yi nisa. Sau huɗu ana mai da shi. A na huɗun ta kai wajen minti shida ta tsaya cik, leɓenta na motsi, babu abin da ke fita.

Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Dama ɗan abin nan na jiya kaɗai ta haddace." Audu ya ce, "Na gaya muku," sai dai bai yi dariya ba. Jummai ta cire mikron da kanta, ta ajiye a hannun kujera, ta gyara mayafi, ta fita. Ba wanda ya bi ta, har da ni. A kayena na rubuta a ƙarƙashin ranar 17 ga wata: ba a samu ba. Saura kwana biyu Zuhaira ta tafi, ta kuma fara zaɓen minti biyar ɗinta.

Da safe na fita sayen ƙosai, kuma gaskiya kunya ce ta kai ni ƙofar Jummai, don yanzu a ƙofar gidanta take suya. Na tarar ba mai saye ko ɗaya. Na tsaya daga gefe ba ta gan ni ba. Tana ɗebo ƙullu tana sakawa a mai, bakinta na tafiya a hankali. Na matsa. Muryar Almustafa ce, yana ƙirga raƙuman baƙi, yana zagin kowane da kalarsa. Ta juya ƙosan, sai Attahir ya amsa. Ta kwashe, sai ta yi kukan raƙumi a maƙogwaro.

Na yi sallama. Mushe take kirana, yadda ake kiran ma'aikacin gwamnati a nan, daga Faransanci.

"Mushe, ka zo ka rubuta sauran abin kunyar?"

"Na zo sayen ƙosai. Amma yanzu na ji ki, ba ki tsaya ba ko sau ɗaya."

"Yanzu ai ina aiki." Ta ɗaga matsami ta nuna ni da shi. "Kun ɗauke ni kun aza a kujera kamar matar kumandan, hannuna babu kome, kun cika mini ido da mutanen da ban sani ba. Attahir ɗin da na sani dabam, wanda kuka nuna mini dabam. Ina kallon baƙo, yaya zan yi maganar ɗan gida?"

"To yaya kike sanin inda aka kai?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta yadda ake sanin gari ya waye.

"Da zubi mana. Audu ya buga ƙarfen fara fim, in sa zubin farko. Ina kwashe shi Attahir ke fara magana. Zubi na uku baƙi ke isowa. Na tara igiya ke tsinkewa, a lokacin nake ƙara itace, don in an fito kowa da zafi yake so. Na goma sha huɗu a tashi. Wake tiya biyu, ba ya ragewa, ba ya kasawa. In na ji Hadijatu ta fara kuka ban kai zubi na bakwai ba, na san wutata ta yi sanyi."

Ban karɓi ƙosan ba ma, na tafi masaukin Zuhaira.

Abin da Jummai ta nema ba shi da yawa, amma ba ta rage ko ɗaya ba. Kaskonta na da, na baƙin ƙarfe, wanda ta ba 'yarta a Gangara, sai da aka tura babur ya ɗauko. Itacen aduwa, ba gawayi ba. Wake tiya biyu, ita za ta surfa da kanta. Duwatsu uku a gindin bangon zaure ta waje, bayanta ga bango. Kuma Audu ya buga ƙarfe.

"Ƙarfen ya ɓace tun zamanin da," in ji Audu.

"Nemo wani. Ko hannun ne ya mutu?"

Ya samo tsohon ƙarfen ƙafar mota a garejin maƙwabta, ya rataye a bishiyar ƙofa, yana ta gunaguni cewa shi ma'aikacin inji ne, ba yaron mai ƙosai ba.

Bayan azahar muka shiga zaure. An rataye mikro a waje a kan sanda, an jawo waya zuwa wata ƙaramar lasifika a ciki, don mu ji ta muna kallon bango. Mutane ba su kai na jiya yawa ba. Zuhaira ta ɗora yatsa a kan ordinata. Audu ya buga sau uku, kamar yadda yake yi a da, ya shigo da sauri ya zauna.

Abin da muka fara ji shi ne ƙullu yana faɗawa cikin mai. Sai goge, da hanci take yin sa, kuma ina jin sautin na tuna da shi, har da inda mai gogen yake ɗan shaƙewa. Sai kukan icen da igiya ke bi a bakin rijiya, ƙiii, ƙiii, a bango kuma ga takarkari yana ja. Mutumin ya juyo. Ya buɗe baki, murya ta fito daga lasifika a daidai lokacin:

"Almustafa, sassauta masa. Sa ne, ba mota ba."

Leɓen Zakiyyu ya rufe a kan kalmar ƙarshe. Zuhaira ta sa hannu ta rufe bakinta. Ni kuwa na sunkuya ina rubutu da sauri, rubutun shafin farko har yau da ƙyar nake karanta shi.

Ba maganar kaɗai take yi ba. Duk abin da lasifikar Alhaji ta taɓa fitarwa, tana fitar da shi: iska, ƙararrawar raƙumi, tarin wani tsoho da ba a ganinsa a hoto, zubar ruwa daga wasaki, gugan fata, cikin kwamin shayar da dabbobi. Wannan ne ya riƙe ta a kan lokaci. A tsakani kuma muna jin ta da muryarta ta yau da kullum tana cewa wani, "Matsa daga hayaƙin nan, malam," don ƙanshi ya tara masu saye, sai ta koma Hadijatu ba tare da ta rasa numfashi ba.

A minti na goma sha tara Almustafa yana cewa baƙi su tashi kafin rana ta faɗi. Jummai ta ce, "Ku kwashe tarka," ta yanke kalmar a tsakiya, ta faɗa cikin maganar Attahir kai tsaye. Na ɗaga kai don in ga ko ta yi kuskure. A bango hoton ya yi tsalle a daidai wurin: Almustafa yana tsaye, sai ga shi a zaune. Audu ya miƙe.

"Ni na yi wannan," ya ce. "Fim ya maƙale, fitila ta ƙone shi. Na yanke kamar kamu biyu na liƙe da man farce. Shekarar saba'in da tara. Ko Alhaji ban gaya wa ba."

Ya koma ya zauna.

Zubi na tara muka ji tana tura itace, igiya ta tsinke a bango, ta yi ihun mutum shida ɗaya bayan ɗaya. Sai a minti na hamsin da biyar, a wurin da 'yan'uwan biyu suka zauna su kaɗai a bakin rijiya, Attahir ya dafa kafaɗar ƙanensa ya fara doguwar magana, lasifika ta yi tsit. Mai kawai ke ƙara. Zuhaira ta duba waya, lafiya lau take. Na leƙa ta ƙofa: Jummai ta ajiye matsami, ta ja mayafi kan goshi, tana zaune shiru. Na ce a raina ta sake tsayawa.

Minti biyu da sakan arba'in, na duba agogo. Sai ta ɗauki matsami, Almustafa ya ce, "Na ji, yaya. Kira su." A bango ma abin da leɓensa ya faɗa ke nan.

Audu ne ya warware mana. Tun da kullum rubu'in awa bayan magariba ake farawa, kullum a wannan wurin ladanin masallacin unguwa ke kiran lisha. Umurnin Alhaji Sabi'u ne a kashe sauti har a gama kiran. Injin kuwa ba a tsayar da shi, don in ya tsaya fitila za ta ci fim. Ashe duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin abin da Attahir ya gaya wa ƙanensa, na ciki da na waje, kuma ba mu lura ba, don kowa yana amsa kiran salla a lokacin.

Ta kwashe zubi na goma sha huɗu ta yi gogen rufewa. Ta riga hoton da minti ɗaya da sakan goma, cikin minti saba'in da takwas. Ta ce laifin man ne, man yanzu ya fi na da saurin zafi. Ƙwaryar ƙullu babu kome a ciki.

Dattawa suka fito ɗaya bayan ɗaya suna yi mata sannu. Audu ya zo ya tsaya a gabanta.

"To, 'yar Fulani. Na sara miki."

"Da hannu biyu, bawana. Kuma ka biya ƙosan da ka ci a tsaye, na gan ka."

Washegari aka maimaita, don Zuhaira tana son ɗauka biyu. Na gwada kaye da kaye: jimla ɗari shida da goma sha biyu, bambanci a wuri huɗu kacal, kuma a duka huɗun leɓen da ke bango ya nuna wadda ta fi daidai. Kafin ta hau mota Zuhaira ta roƙe ta abu ɗaya.

"Inna, wurin nan da babu magana. Ke kin san Attahir fiye da kowa. Ki faɗi abin da kike jin zai ce, in sa a ciki. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane. Abin da na ji na ba ki, 'yar nan, har da tarin tsoho. Abin da ban ji ba, ba na sa shi a bakin kakanki, ga shi ba ya nan balle ya ce ƙarya nake."

Zuhaira ta tafi da niyyar ba 'yan wasan Damagaram rubutun, kowa ya ɗauki mutum ɗaya. Ta gaya mini daga baya ta gwada wata biyu ta watsar. Sun iya karatu, amma ba wanda ya san inda Zakiyyu yake jan numfashi. Ta koma kan muryar Jummai ta daidaita ta da hoto jimla bayan jimla, ta bar ƙarar mai a ƙasa-ƙasa. Fim ɗinta na tarihi, wanda ta yi nufin ya zama na kakanta, kusan rabinsa ya zama na Jummai. Tsohon fim ɗin kuma ya fito cikakke a gefe, an nuna su tare a Yamai da Damagaram.

Ran 20 ga Janairu 2024 aka kawo su Tanut. Filin silimar yanzu wurin ajiye gero ne, magada suka kwashe buhuna gefe, aka sake shafa wa bango farar ƙasa. Na ƙirga mutum ɗari uku da 'yan kai, ban da waɗanda ke kan katanga. Makiyaya sun zo tun daga Belbeji, wasu da jikokinsu, don su nuna musu kakannin shanunsu. Mata suka cika gefen dama. A farkon fim sunaye biyu suka fito da manyan baƙaƙe, na Zakiyyu, sai na Jummai Mailafiya a ƙarƙashinsa. Da na karanta da ƙarfi, guɗa ta tashi daga gefen mata, aka daɗe ba a ji gogen ba.

Da aka kai minti na hamsin da biyar, sauti ya ɗauke, kamar yadda Zuhaira ta bar shi. Attahir ya dafa kafaɗar ƙanensa yana magana, fili ya yi tsit. Can wani tsohon makiyayi daga baya ya ce, shi tun yana saurayi ya san abin da ake faɗa a nan: yana tuna masa ranar da ubansu ya sha a rijiyar wasu. Wani ya ce ina, maganar uwarsu yake yi, dubi idonsa. Wata mata ta ce ku maza ba ku san kome ba, cewa yake in baƙin suka mutu a bakin rijiyar, wa zai ƙara shan ruwanta. Gardama ta kaure, kowa da tasa, har Almustafa ya ce, "Na ji, yaya. Kira su," aka yi dariya aka koma kallo.

Jummai tana zaune a benci na biyu, tsakanin 'yarta da Zuhaira. Na sunkuya na tambaye ta wanne ne a cikinsu take gani ya fi kusa.

"Mushe, bar ni," ta ce, idonta a bango. "Yanzu nake sabawa da ramammen nan."